Mai Gemu na Ramin Abare

Shekara goma sha tara Malam Dalhatu ya yi yana koyar da tarihi a wata sakandare a Anka, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa riƙe wani abu da ya girmi kakansa ba. Ya san sarakunan Masar ɗaya bayan ɗaya. Ya san yadda takarda ta taso daga Sin, ta yada zango a Bagadaza, ta ƙetare hamada a bayan raƙumi. Duk a littafi ya gani, littafin ma kwafin kwafi ne, hotunan ciki sun yi baƙi har dalar Masar ta koma kamar tarin gero da aka lulluɓe da tabarma. Ɗalibansa na ajin ƙarshe su bakwai ne, biyar daga cikinsu sun zaɓi tarihi ne saboda malamin ba ya duka.

Iyalinsa suna Gummi. Tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga ya mai da matarsa Habsu da yara gidan mahaifinta, shi kuma ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, Inna Turai, wadda ke zaune da jikokinta. Yakan leƙa Gummi sau ɗaya a wata idan an ce hanya ta yi sauƙi. Sauran kwanakin tuwon Inna Turai ne da rediyo.

Wata Litinin bayan la'asar aka yi sallama da shi. Sambo ne, tsohon ɗalibinsa da ya bar makaranta a aji huɗu, yanzu magidanci ne mai 'ya'ya uku, yana haƙar zinari a Abare. Ya jingine mashin, ya sauko da wani buhu a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Shigo mana, Sambo."

"A'a Malam, hito dai. Abin ga ba na shiga gida ba ne."

A zaure ya kwance bakin buhun. Kan mutum ne na gasasshen yumɓu, girmansa kamar kabewa matsakaiciya. Girarsa ta sauko ta danne idanu, an zana masa gemu tsinke-tsinke, leɓensa a ɗaure. Wuyan ya karye, gutsuren yana ƙasan buhun. Jikinsa ja ne, da wasu ƙananan abubuwa masu ƙyalli a warwatse.

Malam Dalhatu ya durƙusa. Ya jawo buhun gabansa.

"Ina kunka same shi?"

"Rami. Gaba huɗu munka yi ƙasa muna bin jijiyar zinari, sai diga ta bugi wani abu. Auwalu, abokin haƙarmu, yac ce tukunyar aljannu ce. Da munka share, sai ga mutum shina kallonmu. Kuma dubi kallon, Malam, kamar mun taka mai shuka."

"Ka san shekarun abin ga? Shina iya kai dubu biyu. Ko ya hi."

"Shi ya sa nat tuna da kai. Kai kaɗai nas sani da ka damu da mutanen da sunka mutu ba danginka ba."

Sannan Sambo ya faɗi inda matsalar take. Ramin nasu ne su huɗu, kuma ƙa'idar masu haƙa ɗaya ce: duk abin da rami ya bayar na kowa ne, ba a raba shi sai an niƙa an wanke. Kai ba ya rabuwa gida huɗu. Ga shi kuma yana ƙyalli, Auwalu, babbansu, ya rantse akwai zinari a cikinsa. Da ƙyar Sambo ya roƙi arzikin kwana huɗu.

"In hukuma ta amshe shi da takarda mai hatimi, ba mai magana. Kowa na tsoron hatimi. In ba haka ba, Juma'a da hantsi injin niƙa za shi. Amana ce, Malam. Da bakina nac ce za ka maido."

Sambo bai kai ƙarshen layi ba Inna Turai ta shigo zaure. Ba a taɓa shigo da buhu gidanta ya kwana ba ta san abin da ke ciki ba.

"Mi ag ga buhu, Malam? Dankali?"

"Kayan aiki, Inna."

Ta ɗaga bakin buhun da kan sandarta. Ita da mai gemu suka dubi juna.

"A'uzubillahi! Gunki kak kawo min gida? Ni da nika roƙon mala'iku su leƙo?"

"Inna, ba wanda ya san ko bauta mai aka yi. Wataƙila hoton wani dattijo ne kawai, ɗiyanai sunka yi don tunawa."

"To ɗiyan nai su zo su ɗauki abinsu."

Aka yi ciniki. A bayan katanga akwai tsohon rumbu da rabonsa da hatsi tun rasuwar maigidanta. Ta ce a can, bisa sharaɗin a rufe masa fuska, kada ya riƙa kallon gidan. Haka baƙon da ya fi kowa daɗewa a ƙasar ya samu masauki tare da ɓeraye.

Ranar Talata ya sami shugaban makaranta, Malam Ishaq, a ofis. Ya nuna masa hoton kan a waya, ya yi bayani tiryan-tiryan: kabad ɗaya ya ishe shi, da takarda mai hatimin makaranta. Malam Ishaq mutum ne mai haƙuri, yakan bar mutum ya gama magana kafin ya ƙi.

"Malam Dalhatu, ni na fahimta. Ni ma na yi jami'a. Amma ka san iyayen yara. Da ƙyar muka samu suka bar 'yan mata suka dawo. Yau a ji an ajiye gunki a makarantar boko? Kafin azahar labarin ya kai Bukkuyum, kuma kafin ya kai can an ce muna yanka masa zakara."

"Ranka ya daɗe, cikin manhaja akwai gumakan Masar. Ni nake koyar da su."

"Na Masar suna Masar," in ji Malam Ishaq, ya jawo wani fayil.

Daga nan ya buga wa wani abokin karatunsa da ke aiki a wani ofishin kayan tarihi a birni. Abokin ya yi murna ƙwarai, ya ce wannan babban abu ne, a rubuto wasiƙa, kwamiti zai zauna. Da aka tambaye shi yaushe, sai ya ce ko kwamiti ya zauna babu direban da zai yarda ya biyo wannan hanyar, amma dai a rubuto wasiƙar.

Ranar Laraba ya je gidan Peter, malamin lissafi, mutumin kudancin Kaduna wanda ya shekara goma sha biyu a Anka. Shi ne kaɗai wanda Malam Dalhatu ke zama da shi ya sha shayi. Tunaninsa shi ne, ko babu hatimi, idan aka ce kan yana hannun baƙo, wataƙila Auwalu ya ji nauyin zuwa karɓa. Kuma a hotunan da ya sani, wasu majami'u cike suke da mutum-mutumi.

Peter ya daɗe yana duban hoton.

"Farfesa, wannan ai kamar sufetan da ya zo mana bara."

"Kwana kaɗan kawai, Peter. Ka sa shi ƙarƙashin gado."

"Ƙarƙashin gadon matata Deborah? Shugabar zumuntar matan coci?" Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Ka san kakana da hannunsa ya kwashe irin waɗannan daga kan dutsen garinmu ya farfasa, ranar da aka yi masa baftisma. Har yau ana ba da labarin a gidanmu, da alfahari ake bayarwa. Ban da haka, ka dube ni. Ni baƙo ne a nan. A ce an sami gunki a ɗakin Kirista, wa zai tsaya ya ji cewa na Malam Dalhatu ne?"

Gaskiya Peter ya faɗa. Suka sha shayi. A hanyar gida ya lura cewa shekara goma sha tara yana bayanin inda addinai suka saɓa, yau cikin kwana biyu ya gano inda suka haɗu, kuma babu wanda zai gaya wa.

Ya gwada gaya wa Habsu. Layin yana yankewa. Ta ji "kai", ta ji "rami", ta yi salati, ta tambaya wa aka kashe. Kafin ya gyara zancen ta ce ƙaramin yana tari, kuma yaushe zai zo. Ya ce sai hanya ta yi sauƙi.

Ranar Alhamis da aka tashi makaranta bai shiga gida ba. Ya zagaya bayan katanga, ya fito da kan daga rumbu, ya zauna a inuwa ya ɗora shi a cinya. Akuyar maƙwabta ta tsaya ta dube su, ta wuce.

"Kowa ya ƙi ka," ya ce. "Kada ka damu. Ni ma da aka cire tarihi daga manhaja wasu shekaru, kula da kundin zuwan malamai aka ba ni."

Mai gemu bai nuna alamar tausayi ba.

Ya juya shi. Cikinsa rami ne, kuma a bangon ciki, inda ba a yi niyyar kowa ya gani ba, akwai shaidar yatsa: mai ginin ya danna da babban yatsansa yana tallafe yumɓun daga ciki. Malam Dalhatu ya sa nasa yatsan a wurin. Na wancan ya fi nasa ƙanƙanta, wataƙila mace ce. Ya zauna a haka har ƙafarsa ta yi sanyi. Bai san sunanta ba, bai san yarenta ba, bai san wa take kira idan ɗanta yana tari ba. Abin da ya sani shi ne ta zauna a wannan ƙasar wata rana da rana, ta yi aiki a tsanake, ta gyara gemu tsinke-tsinke.

A nan dabarar ta zo masa. Ƙyallin nan ya san shi, ya karanta. Wani dutse ne maras daraja mai ɓarewa falle-falle, wanda magina ke cuɗawa da yumɓu don kada ya tsage a wuta. Babu zinari ko ɗigo. Idan haka ne, me zai sa a yi ta roƙo? A gwada gutsuren wuyan, kowa ya gani da idonsa. Ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba, daɗin malamin da ya san amsa.

Juma'a da safe Sambo ya zo ya ɗauke shi a mashin, buhun a tsakaninsu. Wurin niƙan yana bayan garin Abare, fili ne mai rumfunan kwano, injuna suna kuka, kowa fari fat da ƙura. Auwalu ya taso yana goge hannu a wando. Dogo ne, mai ƙaton murya, ya girmi Sambo nesa.

"Malam Boko! Ina hatimi?"

"Hatimi na hanya."

"Hanyar ma tana hanya. Kawo ɗan uwanka mu gaisa."

Sauran biyun suka yi dariya. Mutane suka fara matsowa, domin ba kullum ake ganin mai babbar riga a wurin ba. Malam Dalhatu ya gyara tsayuwa kamar yana gaban allo.

"Auwalu, kai ka san dutse, ni na san takarda. Abin ga da ka gani shina ƙyalli ba zinari ba ne. Ga gutsuren wuya. Ka daka, ka wanke, gaban kowa. In ba a ga komi ba, ku bar min kan in tahi da shi."

"In an gani hwa?"

Sambo ya taɓa hannun rigarsa. "Malam..."

Bai ko juya ba.

"In an gani, ku sa shi inji. Ba ni cewa uffan."

"Kun ji dai," in ji Auwalu, yana duban jama'a. "Ba ni nac ce ba. Mai digiri yac ce."

Aka kawo turmin ƙarfe. Gutsuren bai yi gardama ba, bugu kaɗan ya zama gari. Auwalu ya juye shi a tasa, ya tsuguna bakin kududdufin wanki, ya ɗebi ruwa ya fara juyawa. Hannunsa ya san aikin: ya karkata, ya girgiza, ya zubar, ya sake ɗiba. Jan ruwa ya tafi. Ƙyallin nan ya taso sama yana yawo, falle-falle, ya bi ruwa ya fita, daidai yadda littafi ya ce. Malam Dalhatu ya dubi Sambo, ya ɗaga gira.

Auwalu bai tsaya ba. Ya ci gaba har abin da ya rage bai fi cikin cokali ba, baƙin yashi mai nauyi. Ya zuba ruwa kaɗan, ya buga gefen tasar da tafin hannu sau biyu, ya karkata ta ga rana.

A gefen baƙin yashin akwai ɗigo uku, rawaya, ƙanana kamar ƙwayar gero da aka raba goma. Ba sa ƙyalli kamar wancan. Suna zaune kawai.

Aka yi kabbara daga baya.

"Ba zai yiwu ba," in ji Malam Dalhatu. "Tasar ce. Akwai saura a tasar."

"Sabuwa ce, Malam," Sambo ya ce a hankali. "Ni nas sayo ta jiya, ba a taɓa wanki da ita ba."

Auwalu ya miƙe. Bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo.

"Malam, in tambaye ka. Wanda yay yi shi, ina yaɗ ɗebo yumɓu? Masar?" Ya nuna rafin da ke gangare da haɓa. "Can yaɗ ɗebo. Ƙasar ga dut haka take. Ko bangon ɗakin uwata kad daka, sai ka ga ɗigo."

Gaskiya ne, kuma kowane yaro a Abare ya san haka. Littafin da ya karanta a kan wata ƙasa aka rubuta shi.

"To ai ka ga ba yawa," ya ce, muryarsa ta sauka. "Abin da za ku samu bai kai wahalar inji ba."

"Ko kaɗan ne, na mu huɗu ne. Kuma kai kac ce ba ka cewa uffan."

Ya duba fuskokin da ke kewaye da shi. Babu mai mugunta a ciki. Mutane ne da suka ji sharaɗi da kunnensu, suna jiran su ga ko malamin makaranta yana cika magana. Ya sunkuya, ya buɗe buhun da kansa, ya miƙa.

"Malam, mu je in kai ka bakin hanya," in ji Sambo.

"A'a. Ina nan."

Bakin injin ƙarami ne, sai an fasa tukuna. Auwalu ya ɗora kan a bisa faffaɗan dutse, ya juya fuskar ƙasa, ya yi bisimilla, ya sauke guduma. Ƙarar ba ta fi ta tulu ba. Aka tattara gutsattsarin da hannu aka zuba, injin ya canja murya na ɗan lokaci, sannan ya koma yadda yake. Wata jar ƙura ta fito ta gauraya da farar, ta sauka a kan duk wanda ke kusa. Malam Dalhatu ne ya fi kowa kusa.

Bai jira wanki ba. Sambo ya ɗauko shi a mashin. Sai da suka hango gidajen Anka ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam."

"Kai ka cika amanarka. Ni ma na cika tawa. Dubi hanya."

Inna Turai tana ƙofar gida da bokiti da sabulu, kamar tun safe take jira. Tun shekarar da gubar dalma ta kwashe yara a ƙauyukan nan, ba ta barin kowa ya tsallaka zaurenta da ƙurar wurin niƙa, ko limami ne.

"Tsaya nan. Tuɓe rigar. Da hular. Akwai ɗiya cikin gida."

Ya tuɓe. Ya tsuguna a bakin kwata daga shi sai singileti da wando, ya wanke hannu har gwiwa, ya wanke fuska da gemu da cikin kunne. Ya tsoma rigar a bokiti. Ruwan ya yi ja. Ya tsaya yana kallonsa.

"Zubar mana," in ji ta. "Ka sake wani."

Ya zubar a kwata, ya sake wani.

"Ka maida musu abinsu?"

"Na maida."

"Madalla. Akwai sauran koko in kana so."

Ta shige. Ya matse rigar, ya shanya ta a kan katanga, ya zauna a dakali. Ita kaɗai ce rigarsa ta Juma'a, ga shi an yi kiran farko. Mutane suna wucewa da dardumarsu a kafaɗa, suna yi masa sannu, yana amsawa. Lokaci zuwa lokaci ya miƙa hannu ya taɓa ta ya ji ko ta bushe.